Mu Daina Sayen 'Ya'yan Kifi

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama bakin tafkin Gidimuni da fatsarsa ranar hutu ya san daɗin abin: iska mai sanyi, hira da masunta, ga tarwaɗa biyu ta miyar dare. Mai fatsa ba ya ƙarar da tafki. Masu ƙarar da shi su ne waɗanda suka mayar da gidan sauro koma, suna kwashe karfasa tun tana kamar ɗan yatsa, ko ƙwai ba ta fara ba.

To, wa ke saye? Mu ne, dillalai da mata masu suya a Kasuwar Dole. Araha ke ruɗinmu, alhali araha ba ta ado.

Ba mu manta da 2015 ba, lokacin da aka hana kamun kifi da cinikinsa a jihar Difa saboda Boko Haram, bandar tafkin Cadi ta yi wuyar samu. Irin wannan rana, tafkunanmu na Damagaram, Gidimuni da Lasuri, su ne madogara, ga shi kacala na cin bakinsu.

Don haka mu haɗa baki. In an kawo mana 'ya'yan kifi, mu ce a mayar. Wanda ya rasa mai saye yau, gobe zai bar gidan sauro a kan gado. Allah Ya sa mu gane.