A Daina Haddatar da Yara Jawabin da Ba Su Fahimta Ba

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, walimar sauka na ƙaratowa, kuma za a zaɓi waɗanda za su tsaya gaban jama'a su yi jawabi.

Abin da aka saba shi ne malam ya rubuta shafi biyu ko uku, wani lokaci ma da Larabci mai tsauri, ya miƙa wa yaro ya haddace. Ran taro yaro ya riƙe makirfo ya yi ta zuba kamar famfo. Da kalma guda ta kuɓuce masa, shi ke nan, sai ya tsaya ƙiƙam, sa'o'insa na dariya. Wani yaron daga ranar ba zai ƙara yarda ya tsaya gaban mutane ba. A ganina wannan hanya ya kamata mu sake ta.

Alƙur'ani da hadisi ake haddacewa, domin ba a canja lafazinsu. Shi kuwa jawabi, manufarsa mai sauraro ya gane. A cikin Suratu Ɗaha, da Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa, dalilin da ya faɗa shi ne don a fahimci maganarsa. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau 3 don a gane ta. Muslim kuma ya ruwaito daga Ammar cewa taƙaita huɗuba alama ce ta fahimtar mai yin ta.

To, ya kai ɗalibi, fara da fahimtar darasin har ka iya bayyana wa ƙanenka shi da Hausarka ta gida. Sannan ka zaɓi batutuwa 3 kacal, ka rubuta kawunansu a 'yar takarda. Ayar da za ka kawo, kai wa malam ya gyara maka karatunta da fassararta, ita kam ka haddace. Ka gwada da agogo. Minti 5 sun isa. Ran taro ka ja numfashi kafin ka fara, ka ɗaga kai ka dubi sahun baya, ka yi magana a tsanake. In ka manta, duba takardarka ka ci gaba, babu wanda zai kama ka. Ke ma ɗaliba, wannan magana har da ke.

Wani zai ce ai yaro zai yi kame-kame ya kunyata makaranta. Gaskiya ne zai iya yin tuntuɓe. Amma wanda ya san abin da yake faɗa, in ya yi tuntuɓe yakan miƙe. Mai hadda kuwa ba shi da madafa.

Ku kuma iyaye, don Allah bayan sallar isha'i ku zauna a tsakar gida ku saurare shi, ko da sau 3 ne kafin ranar. Ku tambaye shi, "Me kake nufi a nan?" Ku hana yayyensa yi masa dariya. Cikin yaran nan ne limamanmu da malaman matanmu na gobe za su fito.

Allah Ya buɗe harsunansu, Ya ba su ilimi mai amfani. Wassalam.