Ƙugin Amfilifaya: A Nemi Tushensa Kafin a Taɓa Fulogi

A wannan mako filin namu zai leƙa Jimeta, inda na halarci wani bikin aure a unguwar Luggere cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bakin Binuwai kan haura digiri 40. An ɗauko mawaƙi da fiyanonsa ƙirar Yamaha, irin wadda kan buga ganga da garaya da kanta da zarar an danna mata maɓalli. Ana haɗa ta da amfilifaya sai wani ƙugi ya cika rumfar, kai ka ce jirgi ne ke shirin tashi. Nan take yaron mawaƙin ya zaro filaya ya karya doguwar ƙafar fulogin amfilifayar. Ƙugi ya ɗauke, jama'a suka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Wannan ƙafa ta uku ita ce wayar ƙasa. Aikinta shi ne, in wuta ta ɓalle a ciki ta taɓa jikin ƙarfen na'ura, ta janye ta har fis ya ƙone. In babu ita, wutar mai ƙarfin bolt 230 za ta bi wayar makirufo, ta jira leɓen mawaƙi, ko hannun ladan, ko na mai wa'azi a coci, musamman in yana tsaye ba takalmi a kan siminti mai danshi. Saboda haka abin da yaron ya yi ba gyara ba ne ko kaɗan.

To, daga ina ƙugin yake fitowa? Wutar lantarkin Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa guda, ta Amurka kuwa sau 60. Duk kafar da wannan kaɗawa ta samu ta shiga hanyar sauti, lasifika za ta rera ta. Kafofin kuwa galibi biyu ne, kuma ana bambanta su ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

A zare dukkan wayoyin da ke shiga amfilifaya, a bar na lasifika kaɗai, a rage murya har ƙasa. In ƙugin yana nan daram, ciwon a ciki yake, kuma mafi yawa laifin manyan kwandansan nan ne da ke kusa da tiransifoma. Su ne ke tace wuta ta kwanta lumui kafin ta isa sashen sauti. Akwai ruwan magani a cikinsu, zafi kuwa yana busar da shi. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Sai mai karatu ya auna halin amfilifayar da aka kulle cikin akwatin katako, ƙarƙashin rufin kwano, a Jimeta. Wani lokaci akan ga kansu ya kumbura, ko sun zubar da wani farin abu kamar kanwa.

Ƙugin irin wannan ciwo yana kaɗawa sau 100 ne a daƙiƙa, ba 50 ba. Mai fiyano ma yana iya shaida shi da kunnensa: a fiyano mai maɓalli 61, in aka sa ta a muryarta ta asali, G na farko daga hagu yana kaɗawa sau 98, wato su biyun kusan murya ɗaya ke nan. Magani sai a kai wa mai gyaran rediyo ya sauya su da masu lamba daidai da tasu, ya kuma nemi waɗanda aka rubuta wa 105 maimakon 85, don sun fi jure zafi. Kada wanda bai iya ba ya sa hannu, gama kwandansa tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, in kuma aka juya ƙafafunta tana iya fashewa.

In kuwa ƙugin ya tsaya sa'ad da aka zare wayar fiyano, amfilifaya lafiyarta lau. A fara da sauya wayar, domin ragar da ke lulluɓe da ita takan tsinke a bakin fulogi. A kuma raba ta da wayoyin wuta da na janareta, kada a naɗe su wuri ɗaya.

Saura abin da nake zaton ya faru a bikin nan. An jona na'ura mai haɗa muryoyi a soket na cikin gida, amfilifaya kuwa a wani layin da aka jawo daga maƙwabta. Kowace tana da tata hanyar zuwa ƙasa, ga kuma wayar sauti ta haɗa su, sai aka sami zobe wanda 'yar ƙaramar wuta ke kewayawa a cikinsa. Da an jona su duka a soket guda, da ƙila shi ke nan. In ya ƙi, akwai ɗan akwati mai ƙaramar tiransifoma da ake kira DI, wanda ake sawa tsakanin na'urorin biyu, ya bar sauti ya wuce ya tare waccan wutar.

Da aka tashi na ja mawaƙin gefe na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce ai shekara biyu ke nan makirufonsa kan ɗan cije shi a leɓe, har ya saba. Washegari na saya masa sabon fulogi a babbar kasuwar Jimeta, na tsaya a kan yaron har sai da ya ɗaura wayoyin ukun duka.