Lambun Cikin Gida: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Yau maganarmu a kan filin nan ne da yakan rage a tsakar gida bayan magina sun kwashe kayansu sun tafi. A da, uwargida ce ke kafa zogalenta a bayan ɗaki, ta watsa yakuwa a gefen makwararar ruwa, shi ke nan an yi lambu. Yanzu kuwa, musamman a sababbin unguwanni, an shiga yayin kiran mutum na musamman ya zo ya tsara wurin. Ba laifi ba ne. Amma sai ki ga maƙwabta biyu, fulotinsu ɗaya, ƙafa 50 da 100, an yanka wa wannan kuɗi an yanka wa waccan, bambancin kuwa nesa ba kusa ba. Sai a fara cewa an yi cuta. Wani lokaci cutar ce, sau da yawa kuma ba ita ba ce.

Kada ki ce wannan sha'anin maigida ne tun da shi ke biya. Shi zai biya sau ɗaya ya fita aikinsa. Ke za a bari da sayen ruwa, da sharar ganye, da korar awaki, kuma daga kuɗin cefanenki abin zai riƙa tsiyaya. Saboda haka ya kamata a ji bakinki tun kafin a sa fatanya a ƙasa.

Da farko dai, wa aka kira? Akwai gadina wanda ya koyi aiki da hannunsa a gidajen manya ko wurin masu sayar da dashe a bakin titi. Akwai wanda ya yi karatun abin, kamar a Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu da ke Dadin Kowa a Jihar Gombe, ko Kwalejin Gandun Daji ta Jos. Can sama kuma akwai masu zanen gine-gine da filaye, irin su Manfredi Nicoletti, mutumin Italiya wanda ya tsara filin shaƙatawa na Millennium Park a Abuja, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003. Duk sunan aikinsu tsara lambu, amma ladansu ba zai zo ɗaya ba. Tsakar gida irin tamu ba ta bukatar na can sama. Abin da take bukata shi ne mutumin da ya san ƙasa, ya san ruwa, ya kuma san girman da kowane itace zai yi bayan shekara goma. In kin sami gadina mai wannan sani, ki riƙe shi. Hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce: ki ce ya nuna gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, a je a gani a watan Maris, lokacin da zafi ke tona asirin kowane lambu. Hoton da aka ɗauka ranar da aka gama dashe ba shaida ba ne.

Sa'an nan ki lura da yadda yake yanka ladansa. Wani jinga yake yi, a gama magana gaba ɗaya. Wani kuɗin yini yake karɓa, shi kuwa ba ya gaggawa. Wani kuma kaso yake ɗauka daga jimlar abin da aka kashe, watau duk abin da kika ƙara saye, nasa ya ƙaru, don haka kada ki yi mamaki in ya dage sai an sa fitilu da maɓuɓɓugar ruwa. Wanda na fi so ki yi hattara da shi shi ne mai cewa, "Hajiya, tsarin kyauta ne, dashen kawai za ki biya." Babu kyauta a ciki. Ladansa na cikin kuɗin dashen, kuma zai cika miki gida da abin da yake so ya sayar, ba abin da gidan ke bukata ba. Ni a ganina gara a biya mutum ladan saninsa a fili, a rubuta shi daban, kuɗin kaya kuma daban.

To, bari mu zo ga ƙasa. Gidan da aka gama ginawa, tsakar gidansa cike take da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da marmara da aka yi ciko da ita. Babu abin kirki da zai tsiro a nan sai an kwashe, an kawo baƙar ƙasa da taki. Kwashewa aikin leburori ne, kawowa aikin tifa ne, kuɗin tifa kuwa yana bin nisan wurin da aka ɗebo ƙasar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk abin da ke hawa mota ya ƙara tsada. In kuma gidanki a lungu yake inda tifa ba ta shiga, a bakin titi za a zube, a yi ta jido da baro, wannan ma wani kuɗi ne. Kin ga ke nan maƙwabciyarki da ke bakin hanya, wadda ƙasarta ba a yi mata ciko ba, dole nata ya zo da sauƙi. Haka kuma in filin yana da gangare zuwa gindin ɗaki, sai an gyara hanyar ruwa tukuna, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta jiƙa miki bango.

Amma babbar magana ita ce ruwa, kuma ita ce wadda masu tsara lambu suka fi yin shiru a kanta, domin ba daga aljihunsu zai fita ba. A yawancin ƙasar Hausa ruwan sama na wata huɗu ne zuwa biyar. Sauran watannin ke ce damina. Koriyar ciyawar nan ta ado da muke gani a gidajen gwamnati muna sha'awa, a lokacin zafi kowace murabba'in mita ɗaya tana shan wajen lita 5 a yini, ko ma fiye. Ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, murabba'in mita 50 ke nan. Sau lita 5, lita 250 a yini. In jarka tana cin lita 25, jarka 10 ke nan kullum, jarka 300 a wata. Ki tambayi kuɗin jarka a wurin mai ruwan unguwarku ki ninka, sai ki gwada da kuɗin makarantar yaro. In gidan yana da rijiyar burtsatse, to wuta ko mai za a ƙona kafin ruwan ya hau tanki.

Na ga wannan da idona a gidan wata 'yar'uwata. An shimfiɗa mata ciyawa a watan Agusta, gida ya yi shar, muka je muka yi ta santi. Kafin azumin da ya biyo baya, ciyawa ta koma kamar tsohuwar tabarma, domin ta gwada ruwan girki da na ciyawa ta ga ba za su yiwu tare ba. Mai aikin bai yi mata ƙarya ba. Ita ce ba ta tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba. Abin da ya tsira a gidan shi ne lemon tsami guda da zogale uku, waɗanda ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishe su.

Saboda haka zaɓin abin da za a dasa yana sauya kuɗin yau da na gobe. Zogale reshe ake sara a kafa, maƙwabciya ma sai ta ba ki. Lalle yana yin shinge mai kyau, yana jure fari, ga shi kuma kin huta da saye ranar biki. Gwanda takan fara 'ya'ya cikin shekara guda. Mangwaro mai aure ya fi wanda aka shuka daga ƙwallo tsada, amma a nan tsadar tana da dalili, domin shi yakan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4, kuma kin san irin da zai haifa, na ƙwallo kuwa sai an ƙara masa shekaru, sa'an nan a ga abin da Allah ya ba da. Araha ba ta ado. Amma manyan itatuwan ado da ake kawowa daga nesa a cikin tukwane, ana biyan girmansu, a biya motarsu, su zo kuma su tarar da hunturu da gara. Mai tsara lambu na ƙwarai zai kuma hana ki dasa mangwaro ko darbejiya a jikin bango ko kusa da sokawe, domin saiwarsu na tsaga gini. Wannan gargaɗi kaɗai ya isa a biya shi ladansa.

Ki kuma duba takardar ƙiyasin da kyau, za ki ga sau da yawa abin da ba ya tsiro shi ya fi cin kuɗi: intalok, dakalin zama, rumfa, bututun ruwa. Waɗannan aikin birkila ne da siminti, ana kuwa iya jinkirta su zuwa baɗi ba tare da an yi asarar kome ba. Itace ne ba ya son jinkiri, domin shekaru yake bukata kafin ya ba da inuwa. In kuɗi bai kai ba, a fara da itatuwa.

Lokaci ma yana da nasa farashi. Wanda ya dasa a watan Yuni ko Yuli, bayan ruwa ya zauna, sama ce za ta yi masa ban ruwa na wata uku. Wanda ya tashi saura mako biyu biki ya ce yana son gida ya yi kore, zai sayi manyan tsirrai, ya ƙara leburori, ya biya kuɗin gaggawa. Mu mata kuma muna da wani hali, ni ma ban fita ba: a tsakiyar aiki sai mu je suna gidan wata mu ga wani abu, mu dawo mu ce a sake. Kowane "a sake" kuɗi ne, kuma ba laifin mai aiki ba ne.

Ku kuma 'yan makaranta da ke karanta wa iyayenku wannan fili, ga inda lissafin da muke koya muku zai yi amfani. Ku ari awon tela ku auna tsakar gidanku, ku zana ta a takarda, ku nuna inda rana ke faɗowa da safe da inda inuwa take da la'asar, da wurin shanya, da wurin girki, da inda ƙannenku ke wasa. Wanda aka miƙa wa irin wannan takarda ya san gidan ba a barci, kuma an rage masa rabin aikin da zai caji kuɗi a kai. Iyayenmu suna ba mu labarin shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin mulkin Janar Obasanjo, lokacin da aka yi ta kira ga gidaje da makarantu su noma abin miya a duk ɗan filin da suka samu. Kira irin wannan bai tsufa ba, dubi kuɗin tumatir a farkon damina. Tsara lambu kuma sana'a ce da mace za ta iya, har ta fi namiji samun shiga, domin ita za ta shiga har cikin gida ta zauna da uwargida ta ji abin da take so daga bakinta.

In an daidaita, a rubuta. A sa sunan kowane itace da adadinsa, da tifa nawa na ƙasa, da ranar gamawa, da wanda zai yi ban ruwa a makonnin farko. A rubuta kuma cewa duk dashen da ya mutu cikin wata uku, ba don sakacin gida ba, mai aikin ne zai maye shi. Kada a biya duka a farko. A raba kuɗin uku: kafin alƙalami, da na tsakiyar aiki, kason ƙarshe kuwa ya zauna a hannunki har sai kin ga sabon toho a kan itatuwan.