Mun Biya Kuɗin Rijiya, Ina Gugarmu?

Jama'a, duk wanda ya tsaya tashar Krofrom da asuba ya ga masu saukowa daga Arewa: 'yan mata masu dako, masu rakiyar shanu, masu tura baro. A tambayi ɗayansu katin inshorar lafiya, sai ya yi murmushi ya kau da kai. Wannan murmushin shi ne abin kunyarmu.

Manyanmu ba su manta da zamanin "kash-an-kari" ba, lokacin da majinyaci ke kwance a bakin asibiti har danginsa su kawo kuɗi. A 2003 gwamnatin Shugaba Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa don binne wannan ɗabi'a. Dokar 2012 da ta gaje ta ta wajabta wa duk mazaunin Ghana shiga. Mazauni aka ce, ba a ware ɗan zango ko ɗan ruga ba.

To ina kuɗin ke fitowa? Mafi yawansu daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da aka ɗora a kan kayan saye. Mai dako ta sayi katin waya, ta biya. Makiyayi ya sayi sabulu da batir, ya biya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da su kuma ba kati, sai su sake biya daga aljihu, ko a sayar da ɗan maraƙi. Talaka ya biya sau biyu ke nan! Wannan adalci ne?

Za a ce laifinsu ne, tun da yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga 70, da masu juna biyu ba a karɓar musu kuɗin shekara, kuma tun 2018 ana sabunta kati ta waya da lambar *929#. Gaskiya ne. Amma sai mai kati ke sabuntawa. Wanda abincinsa ke kan guminsa na yini, yaushe zai kashe yini guda a layi?

Saboda haka muna kira ga Hukumar Inshorar Lafiya: a kawo teburin rajista tasha, da kara, da ƙofar masallaci ranar Juma'a, da ma'aikata masu jin Hausa da Fulatanci. Mai karɓar haraji bai taɓa ɓata hanyarmu ba; mai rajista ma ya biyo sawunsa.

Sarakunan zango da limamai kuma, ku yi shela. Mu ma kada mu jira ciwo kafin mu nemi kati, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya, amin.