Tabarau Mai Ganin Baya Da Ganin Gefen Da Ke Sulalewa

Mai karatu, wataƙila ka ci karo da tallar wani tabarau a intanet da ake cewa mai sanye da shi yana ganin abin da ke bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Babu siddabaru a ciki. Ana shafa wa bakin gilashin ta ciki wani sinadari mai sheƙi kamar madubi, sai ka karkatar da ido gefe ka hango na bayanka. Mahaya keke a Turai da Amurka kan yi amfani da irinsa. A Maiduguri ma, inda tun hana hawa babur a 2011 keke da Keke Napep suka cika tituna, zai iya burge matasa.

Sai dai yana da illa. Gurbin da madubin ya mamaye shi ne gurbin da kake ganin gefe da shi, don haka na bayanka zai bayyana, na kusa da kafaɗarka ya ɓace. Gilashin kuma baƙi ne, da magariba sai ya ƙara maka duhu. Kada ka bar yaro ya tsallaka titi ko ya hau keke da shi.

Idanu biyu masu lafiya suna ɗaukar kusan rabin da'ira a kallo ɗaya. Wannan ganin gefen shi ne cutar hawan jinin ido, wato gilakoma, ke fara ci. Tana lalata jijiyar gani a hankali, galibi ba ciwo ba ja, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa mutum 1 cikin 20 na masu shekara 40 zuwa sama yana ɗauke da ita, fiye da 9 cikin 10 kuma ba su sani ba. Yankinmu na Arewa maso Gabas ne ya fi kowane yanki yawan makanta a binciken.

Idan Baba ya fara karo da bakin ƙofa, ko Hajiya ta ce Keke Napep ya faɗo mata daga sama alhali ta gefenta ya taho, kada a ce tsufa ne kawai. A kai su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ido, a auna ƙarfin ruwan idon, a duba jijiyar. Kai ma da ka haura 40, ko akwai mai cutar a danginku, je ka a duba ka ko da kana gani garau. Ka guji sayen maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba, domin wasunsu na tayar da hawan jinin idon. Wanda aka ɗora shi a kan magani kuwa, kada ya daina don bai ji ciwo ba.

Kuɗin wancan tabarau, a kai shi wajen awon ido ya fi.