Jan Mai Ko Koren Mai: Shin Tsadar Fetur Ita Ce Kyansa?

Yau zan ɗan kauce wa zancen littafi in taɓo wata muhawara da muka tafka da wani yayana mazaunin Jidda, lokacin da na je Umara a azumin 2023.

Ya ɗauko ni daga filin jirgi cikin Toyota Corolla ɗinsa, muka biya gidan mai. A can fetur iri biyu na tarar a famfo: kore mai lamba 91, da ja mai lamba 95. Sai na ji ya ce a cika masa da ja. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka shan koren, ga shi ya fi araha?" Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ba ka san mota ba. Araha ba ta ado. Jan ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa a tanki."

Ni kuwa a ganina Yaya kuɗinsa kawai yake zubarwa, kuma ga dalilina.

Wannan lamba da ake rubutawa a jikin famfo ana kiranta okten, kuma abin da take aunawa shi ne haƙurin mai. A cikin inji, fistin yana matse iska da fetur, sannan fulogi ya ba da wuta, wutar ta bi ta cinye man a tsanake. To idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, sai wani ɓangarensa ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Shi ne za ka ji inji yana wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka taka totur a kan tudu. Turawa suna ce wa wannan "nokin", amma ya bambanta da nokin ɗin da kanikawanmu ke nufi, wato inji ya kama saboda rashin baƙin mai. Iyakar yawan lambar, iyakar jurewar man ga matsi ba tare da ya yi wannan gaggawar ba. Ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta 91 da lita ɗaya ta 95 kusan duk ɗaya ne.

Ke nan tambayar ita ce: injinka yana bukatar wannan ƙarin haƙuri? Akwai motocin da aka ƙera injinsu da matsi mai yawa, ko aka sa masu turbo, irin su da yawa daga cikin Mercedes da BMW. Su kam sai 95 ko sama. In ka ba su 91, akwai wata na'ura a jikin injin da ke jin ƙarar nan, sai kwamfutar motar ta jinkirta wutar fulogi don ta kare injin. Motar za ta tafi, amma gudunta zai ragu, ta kuma ƙara shan mai. A nan rowa ba ta da amfani. Amma Corolla irin ta Yaya, wadda maƙeranta suka ce 91 ya wadatar, ba ta da abin da za ta yi da ƙarin. Kamar ka saya wa mai ƙafa lamba 41 takalmi lamba 45 ne don ya fi tsada.

Wannan ruɗu bai tsaya kan Yaya ba. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta gwada motocin da aka ƙera don mai na gama-gari, ta zuba masu mai tsada, ba ta ga wani ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai na a-zo-a-gani ba. Ta kuma ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun yi asarar sama da dala biliyan 2 cikin shekara guda a kan wannan ɗabi'a.

Na yi wa Yaya nasa lissafin. A 2021 gwamnatin Saudiyya ta ƙayyade litar 91 a kan riyal 2.18, ta 95 kuma riyal 2.33, kuma haka na tarar. Bambancin halala 15 ne. In yana shan lita 50 duk mako, a shekara ya zubar da riyal 390. Ya ce ai ba su da yawa. Na ce da ya aiko da su gida, da sun yi wa Inna cefanen salla har da canji.

Sai dai in yi adalci, masu ra'ayin Yaya ba su rasa abin faɗa ba. Zafin gari yana ƙara jawo wannan ƙara, kuma tsohon injin da gawayi ya taru a cikinsa yakan so lamba ta sama. In motarka tana kaɗa tsakuwa da 91 ta kuma yi shiru da 95, to sha 95 ɗin, amma ka kai ta wajen bakanike ya duba dalili. Haka nan wasu kamfanoni suna ƙara sinadarin wanke inji a cikin mansu mai tsada. Wannan abu ne mai kyau, sai dai ba shi da alaƙa da lambar.

Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya cewa ina ruwansa, tunda a gidajen manmu yawanci fetur iri ɗaya ne. Da ruwanka. 'Yan'uwanmu na Akara da Kumasi suna da wannan zaɓi na 91 da 95. Mu kuma muna da 'yan kwalaben nan da ake tallatawa wai suna ƙara wa mai okten, waɗanda mai ƙaramar mota ba ya bukata. Sannan ga motocin da ake shigo mana da su daga Amurka, inda ma'auninsu ya bambanta: in ka ga 87 a littafin motar, daidai yake da kimanin 91 na sauran duniya, 91 ɗinsu kuwa kimanin 95 ne. Wanda ya sayi irin ta biyun ya san ya sayi mota mai zaɓen abinci. Babbar damuwarmu ma ita ce tsabtar man, domin ba mu manta da gurɓataccen fetur na watan Fabrairun 2022 ba, balle wanda ake saye a galan a bakin titi.

Shawarata dai ita ce, buɗe littafin motarka, ko ka duba cikin murfin tanki, domin sau da yawa an rubuta lambar a wurin. Abin da maƙeri ya ce shi za ka sha, kada ka yi ƙasa, kada kuma ka yi sama don burga. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yaya dai har na baro Jidda jan yake sha. Amma kwanaki ya bugo waya yana cewa ya gwada koren na wata guda, kuma wai motar ba ta ce komai ba.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.