Rashin Faɗuwa Ba Shi Ne Gwaninta Ba

Duk wanda ya taɓa zama a gidajen kallon ƙwallo na Agege da yammacin Asabar ya san musun da muke nufi. Da zarar alƙalin wasa ya busa tashi, aka kashe janareta, sai a koma bakin mai shayi a ɗora daga inda aka tsaya. Ba a daɗewa wani zai miƙe ya ce tun da aka fara taka leda ba a taɓa yin ƙungiya kamar Arsenal ta kakar 2003/2004 ba. Hujjarsa guda ce, wai ta buga wasa 38 a gasar Firimiya ta Ingila ba wanda ya doke ta. Mu kuwa mun ce wannan hujja ba ta kai inda ake son kai ta ba, kuma za mu faɗi dalilanmu, ko da abokan zamanmu za su ƙaurace mana.

Yabon gwani ya zama dole. Arsenal ta ci wasa 26, ta yi kunnen doki 12, ta haɗa maki 90, sannan ta ja zaren har wasa 49 kafin Manchester United ta tsinka shi a watan Oktoba na 2004. Kafin ta, Preston North End kaɗai ta yi haka a babban rukunin Ingila, a kakar 1888/1889, cikin wasa 22. Mun kuma san abin da ya ɗaure zukatan mutanenmu ga wannan ƙungiya, domin Nwankwo Kanu yana cikinta, ga Kolo Toure da Lauren. Amma fa so daban, hukunci daban.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi ba ya son zuciya. Nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1. Ƙungiyar da ta yi kunnen doki a dukan wasanninta 38 ba a doke ta ba, amma maki 38 za ta tashi da shi. West Ham ta faɗa rukuni na ƙasa a 2003 tana da maki 42. Ashe ana iya gama shekara ba a sha kashi ba, a kuma sha kora. Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya muke yi: Perugia ta Italiya ta gama kakar 1978/1979 ba a ci ta ko sau ɗaya ba, amma AC Milan ce ta ɗauki kofi. A ɗaya gefen, Chelsea ta faɗi sau ɗaya a 2004/2005 ta haɗa maki 95, Manchester City ta faɗi sau biyu a 2017/2018 ta haɗa 100. Da wane ma'auni 90 ya rinjayi 100?

Na biyu, kalmar nan "ba a doke ta ba" akwai ɓoye-ɓoye a cikinta. A wannan kaka dai Inter Milan ta je har gidan Arsenal ta zura mata ƙwallo 3 ba ko ɗaya. Manchester United ta fitar da ita daga kofin FA, Chelsea kuma ta fitar da ita daga gasar Zakarun Turai. Haka Bayer Leverkusen ta Jamus, ƙungiyar da Victor Boniface yake ciki a lokacin, ta gama gasar ƙasarta a 2024 ba faɗuwa, sai ga Ademola Lookman shi kaɗai ya jefa mata ƙwallo 3 a wasan ƙarshe na kofin Europa, Atalanta ta tafi da kofi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mu dawo gida, inda maganar ta fi zafi. Kano Pillars ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar Nijeriya, daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, lokacin da Nasarawa United ta ci ta 2 da 1 a filin wasa na Sani Abacha. Abin alfahari ne, ba mu musa ba. Sai dai duk mai bin gasar ƙasar nan ya san cewa a shekarun nan cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowace ƙungiya, saboda wahalar tafiya da matsin da ’yan kallo kan yi wa baƙi da alƙalai. In ana son auna Sai Masu Gida, a duba kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a kuma duba 2009, shekarar da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Enyimba ta Aba ta sha kashi a hanya, har da mummunan kashi a Masar, amma ta ɗauko kofin Afirka a 2003 ta sake ɗaukowa a 2004. Wace ƙungiyar Nijeriya ce za ta ƙi musanya tarihin rashin faɗuwa da waɗannan kofuna biyu?

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a ce a Agege ake wannan musu. Kakannin da suka kafa zango a nan tun farkon ƙarni na 20 fataken goro ne da suka bar gida, suka yi ciniki cikin harshen da ba nasu ba, suka karye, suka tashi. Da tsoron asara ya riƙe su, da ba su ƙetare Kwara ba. Ko a fagen dambe, wanda ya ƙi shiga, yana ja da baya har a raba turmi babu kisa, ba ya samun kirari. Makaɗa suna yi wa mai kisa waƙa ne, ko da an taɓa kai shi ƙasa.

A nan ne maganar ta wuce ƙwallo, ta shafi ɗalibai da malamansu. Idan muka koya wa yaranmu cewa mafi girma shi ne wanda bai taɓa faɗuwa ba, to mun koya musu gudun gwaji. Ɗalibi zai kauce wa darasi mai wuya don kada sakamakonsa ya ɓaci. Marubuci zai ɓoye rubutunsa a akwati don kada masu nazari su yi masa gyara. Irin wannan tsabta ta wanda bai shiga gona ba ce.

Don haka muna kira ga masu musun bakin shayi da su sauya tambaya. A bar tambayar sau nawa aka kayar da ƙungiya. A tambayi wa ta kayar, a ina ta kayar da shi, shekara nawa ta yi tana kayarwa, kuma me ta yi washegarin ranar da aka kayar da ita. Arsenal ta 2004 tana da kyakkyawar amsa ga wasu daga cikin waɗannan tambayoyi, ba duka ba. A ba ta kujerarta cikin manya, amma a bar gadon sarauta ga wanda ya ci yaƙi a gida da daji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.